Kwana Biyu a Yankari da Yara

Shekara uku ina yi wa yarana alkawarin kai su gandun dajin Yankari, kuma duk lokacin da hutun makaranta ya zo sai aikin asibiti ya cinye shi, domin ma'aikaciyar jinya ba ta da Asabar ba ta da Lahadi, sai abin da jadawalin aiki ya ba ta. A hutun Disambar da ya wuce ne ƙawata, wadda muka yi makarantar koyon jinya tare, ta matsa mini lamba mu tafi da iyalanmu gaba ɗaya. Na roƙi wata abokiyar aikina ta riƙe mini aikin dare na kwana biyu, da sharaɗin zan rama mata idan na dawo.

Mun bar Kano da motoci biyu bayan sallar asuba, hazo ya rufe hanya har sai da maigida ya kunna fitila. Muka bi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi, muka isa Bauchi kafin azahar, inda muka yi salla muka sayi masa cike da leda. Daga nan muka ɗauki hanyar Gombe, a Dindima muka karkata zuwa ƙofar shiga dajin da ke Mainamaji. Wanda bai taɓa zuwa ba zai ɗauka ya iso ke nan, alhali da sauran tafiyar fiye da kilomita 40 a cikin daji kafin masaukin Wikki. A wannan tsakanin ne na lura yara sun ajiye wayar da suke ta rigima a kanta tun daga Wudil, kowa ya manna fuska a gilashi.

Gwaggon biri ne suka fara tarbarmu. Muna sauke kaya wani ƙato ya fizge ledar masa daga hannun autata, ya koma gefe ya zauna yana yage ta da yatsu kamar mutum. Ta fashe da kuka, kuma kafin in juya yayanta ɗan shekara goma sha biyu ya riga ya ɗauke ta yana cewa, "Yi shiru, zan ba ki tawa. Umma, bar ta a wajena." Na tsaya ina kallonsa, domin ban san lokacin da ya yi wannan hankali ba, ni da nake fita yana barci in dawo yana barci.

Washegari da sassafe muka shiga motar zagaya daji. Jagoranmu ya bayyana mana cewa an keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Mun ga gwambaza da mazo a kusa da kogin Gaji, amma giwaye sai sawunsu da kashinsu kawai muka tarar, domin sun fi taruwa a bakin ruwa idan rani ya yi nisa, wajen Maris da Afrilu. Yaran ƙawata sun ji haushi, nawa kuwa suka shagala da kwatanta faɗin sawun da tafin hannunsu.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne ruwan Wikki. Yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa yana nan a wajen digiri 31 dare da rana, kuma saboda tsabtarsa kana hango farin yashin da ke ƙasa. Maza da yara suka shiga, ni da ƙawata muka zauna a gefe muka tsoma ƙafafu, muka yi hirar da muka shekara biyar ba mu samu sararin yi ba, ta iyayenmu da suka manyanta da kuɗin makaranta da gajiyar da ba a faɗa wa kowa. Ba wanda ya kira ni daga asibiti.

A hanyar dawowa duk suka yi barci tun kafin Ningi, ban da babban, wanda ya matso ta bayan kujerata ya tambaya a hankali ko za mu dawo a watan Afrilu domin giwaye. Na ce masa in Allah ya yarda, kuma ranar Litinin ina shiga asibiti na rubuta takardar neman hutun.