Da na zauna na tambayi kaina me na sani da gaske

Tun muna karatun tauhidi a zaure aka koya mana hukuncin hankali uku ne, wajibi da mustahili da ja'izi, wato abin da dole ya kasance, da wanda ba zai yiwu ba, da wanda zai iya kasancewa ko ya ƙi, muka haddace muka wuce, amma a raina akwai abin da ya maƙale, to shi hankalin da ke yanke wannan hukunci wa ya tabbatar mana ba ya kuskure? Bana na ce sai na bi wannan tambaya har inda ta tsaya. Ni da wani abokina mai koyar da lissafi a sakandare muka riƙa zama bayan isha'i muna karanta Munƙizu Minal Dalal na Imam Gazali, shafi biyu ko uku a zama, don littafin ɗan ƙarami ne amma ba ya karantuwa da gudu.

Gazali dai an haife shi a Ɗus ta ƙasar Farisa a 1058, ya koyar a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ya rasu a 1111. Ya ce ya lura 'ya'yan Kirista suna tashi Kirista, na Yahudu Yahudu, na Musulmi Musulmi, sai ya fara neman ilimin da ba gado ba ne, wanda shakka ba ta iya shigarsa ko ta wace ƙofa. Ya fara da ido, ya kawo misalin inuwa, kana kallonta tsaye cik alhali tafiya take. Wannan ban yarda na karanta kawai ba, da hantsi na kafa sanda a tsakar gida na ja layi da gawayi a bakin inuwar na tsura mata ido, wallahi ko motsi ban gani ba, na shiga ɗaki na yi abin da zan yi na fito sai ga ta ta bar layin da kusan taƙi guda. Kowa ya san haka tun yana yaro, amma ganinsa da gangan daban ne, ido ya ce ba ta tafiya, hankali ya ƙaryata shi, kuma hankalin ne da gaskiya.

Inda abin ya fara zafi shi ne mataki na gaba. Gazali ya ce tunda hankali ya zo ya ƙaryata ido, me zai hana a sami wani alƙali sama da hankali shi ma ya ƙaryata shi? Mai mafarki ai yana tabbatar da duk abin da yake gani sai ya farka. Kusan wata biyu ya yi cikin wannan hali, kuma da bakinsa ya ce ba hujja ce ta fitar da shi ba, haske ne Allah ya jefa masa a ƙirji. Abokina bai gamsu ba, ya ce shi hujja yake so, shi ya sa muka ɗauko Dekart, Bafaranshen da ya bi irin wannan hanya a littafinsa na 1641, mafarki da komai, har ya ƙaddara akwai wani mugun shaiɗani da ke ruɗarsa ko a biyu da uku biyar ne. Ya tsaya a kan abu ɗaya, ko ruɗata ake yi ai dole ina nan kafin a ruɗe ni. Wannan na juya shi ta kowace fuska ban samu inda zan karya shi ba, sai dai abin da ya ba ni kaɗan ne ƙwarai, ni ɗin kawai, ba abokina ba tabarmar da muke zaune a kai.

Ibn Sina, Musulmi masanin falsafa wanda ya rasu a 1037, ya riga Dekart da wani gwaji, a ƙaddara an halicci mutum yanzun nan cikakke yana shawagi a iska, ido a rufe, gaɓoɓinsa ba sa taɓa juna, ba ya jin komai, zai san yana nan? Ya ce zai sani. Na gwada wani dare da aka ɗauke wuta, na kwanta na ware hannu da ƙafa, amma ina, zafi na nan, kukan sauro na nan, bugun zuciya ma kana jinsa. A ganina gwajin ya nuna sanin kai ba sai da ido ko kunne ba, amma daga nan a ce rai daban jiki daban akwai sauran aiki, don rashin jin jikinka ba shi ne rashin jikin ba.

Wanda ya fi taɓa rayuwata ta yau da kullum kuwa misalin agogo ne na Bertrand Russell, masanin falsafa ɗan Birtaniya. Agogon bango ya tsaya tun jiya a ƙarfe biyu, yau ka ɗaga kai daidai ƙarfe biyu ka duba, ka ce ƙarfe biyu ne. Maganarka gaskiya ce, kana da dalili, amma ka sani ko dacewa ka yi? Irin wannan matsala ce Edmund Gettier, wani masanin falsafa Ba'amurke, ya tayar a 1963 cikin maƙala mai shafi uku kacal, har yau ana ta muhawara a kai. Yanzu duk sanda wani ya turo labari a WhatsApp daga baya ya tabbata yana cewa ai na faɗa muku, agogon nan nake tunawa.

Daga nan na ɗauki takarda na fara rarrabe abin da nake cewa na sani, sai na ga mafi yawansa ji na yi, ranar haihuwata ma faɗa min aka yi, Misira ban taɓa zuwa ba amma ba na shakkar tana nan. Malaman aƙida irin su Nasafi sun daɗe da kasa hanyoyin sani uku, lafiyayyun gaɓoɓin ji da gani, da hankali, da labari na gaskiya, kuma labarin da jama'a masu yawa suka kawo ta hanyoyin da ba zai yiwu su haɗa baki kan ƙarya ba shi ake kira mutawatir. Saƙo ɗaya da mutum dubu suka tura ba ya shiga nan, tushensa ɗaya ne.

Masu tsoron falsafa za ta taɓa musu imani na fahimce su, ba abin raini ba ne. Amma Gazalin da ya yi wa masu falsafa raddi shi ne kuma ya ce lissafi da manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja, ba su da laifi, ya gargaɗi mai musun lissafin kusufi da sunan kare addini cewa cutar da addinin yake yi. Shawarata kar mutum ya shiga shi kaɗai, ya samu abokin da zai musa masa da malamin da zai koma wa. Mu yanzu manɗiƙi za mu fara, bayan shi muna son neman rubuce-rubucen Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Khadija, wanda ya rasu a 1864, don shi ma ya yi rubutu kan falsafa a nan ƙasar Sakkwato.