Ashe da gaske dusa ce

Tun ina firamare nake jin ana cewa "dusar ƙanƙara", ban taɓa tambayar kaina me ya haɗa ta da dusa ba. A Sapporo, babban birnin tsibirin Hokkaido na ƙasar Japan, inda nake karatu, ni dai wadda na sani ita ce ta kan titi, wadda motoci da takalma suka daddanne har ta zama sulɓi. Sai wata Asabar cikin Janairu wani abokin ajina, ɗan garin, ya ja ni zuwa Niseko, yankin duwatsu da ake wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara.

Da asuba muka hau jirgin ƙasa. Kafin garin Otaru layin yana bin gaɓar teku, ruwan baƙi ƙirin, bakinsa fari fat. Nan abokina ya nuna mini ruwan ya ce daga can abin yake fitowa: iska mai tsananin sanyi ta taso daga Sibeeriya, ta ratsa Tekun Japan ta kwashi danshi, in ta bugi duwatsun Hokkaido sai ta sauke kayanta. Na ce masa mu ma muna da iskar da ke zuwa daga arewa da lokacinta, sai dai tamu ƙura take kawo mana. Muka canza jirgi zuwa Kutchan, garin dankalin turawa, daga nan mota ta kai mu Hirafu, ɗaya daga cikin filayen zamiya huɗu da ke jikin dutsen Annupuri mai tsayin mita 1,308.

Kuɗin hayar kaya da na hawan kujerar waya mai kai mutane saman dutse kuwa, bari kawai in yi shiru.

Abokina ya ɗauki allo guda, irin wanda ake ɗaure ƙafa biyu a kai. Ni na zaɓi dogaye biyu da sanduna, a tunanina mai ƙafa biyu a rabe ya fi kusa da tsira. An kwana ana zuba, saboda haka da muka sauka daga kujera na cusa hannu na ɗebo. Na dunƙule, ta ƙi dunƙuluwa. Na hura, ta tashi. Wallahi sak dusar geron da Inna ke sheƙewa a faifai, ba nauyi, ba laima. Ko wane ne ya fara raɗa mata wannan suna, ya san abin da ya gani.

Faɗuwa a cikinta ba zafi, tashin ne aiki. Na fita daga hanyar da injin ya daddale da taku kaɗan, kan alluna ya nutse, na kifa. Na dafa ƙasa in miƙe, hannuna ya shige har kafaɗa. Na kafa sanda, ita ma ta tafi. Ina ta fafutuka kamar akuyar da ta faɗa rumbu, wasu 'yan Ostireliya suka wuce ni suna ihun murna, farin gari na tashi a bayansu. Abokina ya dawo yana dariya: "Malam, daina kokawa da ita, ka haɗe ƙafafunka, kada ka bar kan ya nutse." Can sama akwai ƙofofi masu lamba da ƙwararru ke bi su fita daji, kuma an hana tsallake igiya. Ko kallonsu ban yi ba.

Da dare aka ce sai wankan ruwan zafi na ƙarƙashin ƙasa. Da na ji tsirara ake shiga, na ce a sha lafiya, na zauna da miyar kori ta kayan lambu.

Ranar Lahadi da rana gari ya buɗe, dutsen Yotei ya bayyana a gabanmu shi kaɗai, mita 1,898. A ranar na sauko sau ɗaya tak ba tare da na faɗi ba, ba ƙara ko kaɗan a ƙarƙashin ƙafata. Ƙarfe uku na kira gida, can bakwai na safe. Na juya wa Inna kyamara, na ɗebo na hura.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "To ai sai ka sa hula, ɗan nan."