Tarihin Rayuwar Danilo Türk, Kashi na 7: Shekarar da Sloveniya ta buɗe ƙofa kuma ta rufe ta

A makon jiya mun tsaya a watan Disamba na 2007, lokacin da aka rantsar da Danilo Türk a matsayin shugaban ƙasar Sloveniya. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 1 ga Janairu 2008, ƙasarsa mai mutum kusan miliyan 2 ta karɓi shugabancin karɓa-karɓa na Tarayyar Turai na wata shida. Ita ce ta farko da ta riƙe wannan kujera cikin ƙasashe 10 da suka shiga Tarayyar a 2004.

Sai a fahimci yadda iko yake rabe a can. Shugaban ƙasa a Sloveniya ba shi ke jan ragamar gwamnati ba. Firaminista Janez Janša da ministan harkokin waje Dimitrij Rupel ne suka shugabanci tarukan Tarayyar a Burasel. Abin da Türk ya zo da shi sanin dokar ƙasa da ƙasa ne, wadda ya koyar a jami'ar Ljubljana, da kuma shekarun da ya yi yana jakada a Majalisar Ɗinkin Duniya. Yana wakiltar ƙasarsa a Kwamitin Sulhu a watan Yuni na 1999 sa'ad da aka zartar da ƙuduri mai lamba 1244 kan Kosovo.

Ita wannan Kosovon ce ta fara gwada su. Ranar 17 ga Fabrairu 2008 ta ayyana ɓallewa daga Sabiya. Washegari ministocin waje na ƙasashe 27 na Tarayyar suka zauna, kansu ya rabu. Sifaniya, Girka, Sayifurus, Romaniya da Slovakiya ba su yarda ba, galibi don kowace tana da nata tsoron masu neman ɓallewa ko rikicin yanki. Mai shugabantar taro ba shi da ikon tilasta wa kowa, aikinsa ya nemo kalmomin da duka za su iya sa wa hannu. Aka tsaya a kan cewa kowace ƙasa ta yanke hukunci bisa tsarinta. Sloveniya da kanta ta amince da Kosovo ranar 5 ga Maris, ta hanyar ƙuri'ar majalisa, duk da cinikin da kamfanoninta ke yi a Sabiya.

Ba ta bar Sabiya haka nan ba, kuma a ganina nan ne ta fi nuna basira. Holan ta kafe cewa ba za a ba Sabiya komai ba sai ta miƙa Ratko Mladić, tsohon kwamandan sojojin Sabiyawan Bosniya da ake tuhuma da laifukan yaƙi, ga kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Hague. Mafitar da aka samu ita ce a sa hannu kan yarjejeniyar ƙawance tsakanin Sabiya da Tarayyar, amma a jingine aiwatar da ita. Aka yi hakan ranar 29 ga Afrilu, kafin zaɓen Sabiya na 11 ga Mayu, don masu son Turai su sami abin nuna wa jama'a. Bosniya ta sa hannu kan irin tata ranar 16 ga Yuni.

Sai ga shi a watan Disamba na wannan shekarar, ƙasar da ta yi ta kiran a shigo da ƙasashen Balkan ita ce ta tare wa maƙwabciyarta Kuroshiya hanya.

Ga yadda abin ke aiki. Tattaunawar shiga Tarayyar an kasa ta babi 35, daga noma da kamun kifi har shari'a. Ba a buɗe babi, ba a kuma rufe shi, sai kowace ƙasa mamba ta yarda. Ƙuri'ar Sloveniya a nan daidai take da ta Jamus. Gwamnatin sabon firaministan Sloveniya, Borut Pahor, ta ce takardu da taswirorin da Kuroshiya ta gabatar sun riga sun shata iyakar da ake jayayya a kai, don haka ta hana taɓa babi da dama. Asalin rikicin shi ne mashigin ruwan Piran. Gaɓar tekun Sloveniya duka ba ta kai kilomita 50 ba, tana maƙale tsakanin Italiya da Kuroshiya, ga tashar jiragen ruwa ta Koper da take dogaro da ita. A zamanin Yugoslaviya, lokacin da Sloveniya da Kuroshiya suke jihohi a cikinta, ba a taɓa shata iyakar teku tsakanin jihohi ba, kowa na kamun kifi inda ya ga dama. Da aka rabu a 1991 sai abin ya zama ƙarfen ƙafa.

Wata kusan goma aka yi cirko-cirko. Kwamishinan faɗaɗa Tarayyar, Olli Rehn, ya shiga tsakani bai kai ga nasara ba. Sai da Jadranka Kosor ta zama firaministar Kuroshiya a Yuli 2009 aka sami bakin zaren. Ranar 4 ga Nuwamba 2009 ita da Pahor suka sa hannu a Stockholm kan miƙa batun ga alƙalan sasanci guda biyar. A Sloveniya yarjejeniyar ta bi ta kotun tsarin mulki, ta bi ta majalisa, sannan ta je ƙuri'ar raba gardama ranar 6 ga Yuni 2010, inda ta sha da ƙyar da kashi 51 da ɗoriya cikin ɗari.

Hujjar Sloveniya tana da tushe, domin da zarar Kuroshiya ta shiga, wannan makami ya kuɓuce mata. Amma ta biya farashi. Ta nuna wa sauran cewa ana iya ɗaura rigimar maƙwabta a wuyan tattaunawar shiga, kuma Bulgeriya ta bi wannan hanya a kan Masedoniya ta Arewa a 2020. Sasancin ma bai kashe wutar ba. Kuroshiya ta shiga Tarayyar ranar 1 ga Yuli 2013, ta fice daga shari'ar a 2015 bayan an fallasa hirar waya tsakanin alƙalin da Sloveniya ta naɗa da wakiliyar gwamnatinta, ta kuma ƙi karɓar hukuncin 29 ga Yuni 2017 wanda ya ba Sloveniya kusan kashi uku cikin huɗu na mashigin.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga zaɓen 2012, inda Türk ya nemi wa'adi na biyu ya tarar da Pahor ɗin nan a gabansa.