Motata da zafi a hanyar Jega

Wallahi motar nan ta so ta haukata ni a watan Afrilu. Cikin garin Birnin Kebbi lafiya lau take, ko a cunkoson kasuwa allurar zafi ba ta motsi, amma da na ɗau hanyar Jega na taka ta wuce 100 sai allura ta fara hawa kamar ana turata, in na sassauta kuma ta sauko.

Bakanike na farko cewa ya yi fanka ce, na saya sabuwa, kuɗina suka tafi a banza. Sai wani dattijo a gareji ya ce min, yaro ai fanka aikinta a tsaye ne ko a gosulo, kan titi iskar gudu ce ke sanyaya lagireto, in mota na zafi a gudu kaɗai to ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata. Bayan mun kashe injin ya shafa lagireton, wani gefe zafi wani gefe sanyi ƙalau, ashe tsatsa da gishirin ruwan rijiya da nake ɗurawa sun toshe rabin bututun. Laifina ne wannan kam, shekara biyu ban sa kulan ba, wato ruwan sanyaya inji na musamman.

Ya kuma matsa tiyon ƙasa ya ga ya yi laushi, irinsa in injin ya ɗau gudu yakan tsotse ya manne ya hana ruwa wucewa. Aka wanke lagireto aka canza tiyo. Jiya har Koko na je na dawo allura na tsakiya.