Rigar da sai mai aikin data ke gane barkwancinta

A shagunan intanet irin su Redbubble da Etsy akwai wasu tishat da ake sayar wa Turawa masu sauya jinsi da ke aikin data, ba datar waya fa ba, ina nufin masu zama gaban kwamfuta da Python, wani yaren rubuta manhaja, suna tace alƙaluma. Kalar rigar ta tutarsu ce, shuɗi mai haske da ruwan hoda da fari. Monica Helms, tsohuwar sojan ruwan Amurka, ita ta zana tutar a 1999, ta jera layuka biyar ɗin yadda ko ka juya ta sama ko ƙasa iri ɗaya ce, asalin tutar ma tana gidan tarihin Smithsonian tun 2014.

Ni dai a ganina rigunan kashi biyu ne, kuma ɗaya bai da gishiri sam. Shi ne wanda mai shago ke da samfuri guda, yau ya liƙa masa nas, gobe direban tirela, jibi mai aikin data, ya zuba kalar tuta a kai ya ce ai abin dariya ne, kuma ba a buga rigar ma sai wani ya yi oda to ka ga ko ba a saya ba bai yi asarar komai ba, shi ya sa suka yi yawa kamar jamfa a Jos.

Ɗaya kashin kuwa da gani ka san ɗan gida ne ya zauna ya yi. Duk wanda ya taɓa gyara tebirin bayanai ya san yadda ake yi da layin jinsi, namiji 0 mace 1 ko akasin haka, don kwamfuta lamba take so. To mutum ya sa riga mai cewa shi bai shiga 0 da 1 ba, abokan aikinsa za su fashe da dariya, ɗan hanya kuwa ya wuce bai gane komai ba. Haka wasan transformer, kalmar da ta fara da trans, yadda ake kiran masu sauya jinsi da Turanci, kuma sunan tsarin da masu binciken Google suka fitar a 2017, shi ne harafin T ɗin da ke cikin ChatGPT.

Kuma maganar 0 da 1 ɗin ba wasa kaɗai ba ce, aiki ne na gaske a ofisoshin ƙidaya. Kanada a ƙidayar 2021 ta raba tambayar gida biyu, jinsin haihuwa daban, jinsin da mutum ke ɗaukar kansa daban, sakamakon ya fito kusan mutum 1 cikin 300 daga shekara 15 zuwa sama ko dai mai sauya jinsi ne ko bai ɗauki kansa namiji ko mace ba, ka ga duk wanda ya rubuta tsarinsa da 0 da 1 sai ya koma ya sake zama.

Masu sauya jinsin ma ba baƙi ba ne a harkar kwamfuta. Sophie Wilson ta Ingila na cikin waɗanda suka tsara ARM, ƙwaƙwalwar da ke cikin kusan kowace wayar hannu, har taka. Lynn Conway kuma IBM, kamfanin kwamfuta na Amurka, ta kore ta a 1968 saboda sauya jinsi, ta je ta yi suna a zanen cip, kamfanin bai nemi afuwarta ba sai 2020, shekara 52 kenan, ta rasu a 2024.