Barin sigari a Garwa ta Kamaru, wahalar tana wajen mai shayi

Masu cewa barin sigari ai abu ne mai sauƙi, to wallahi ba su san yadda nikotin, sinadarin da ke cikin sigari, yake kama mutum ba. Zuƙa ɗaya, cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 ya kai ƙwaƙwalwa, shi ya sa jiki ya saba da samun abinsa nan take, ranar da ka hana shi kuwa sai ciwon kai da saurin fushi, barci ma ya ƙi zuwa. Kwana na 2 da na 3 sun fi tsanani, bayan sati 3 ko 4 abin yana lafawa sosai.

Ni dai inda na fi jin jiki shi ne wajen mai shayi bayan isha'i, ka kurɓi shayi mai zafi, na gefenka ya ƙyasta ashana, hannunka da kansa ya nufi aljihu yana lalube alhali ka san babu komai a ciki. Amma sha'awar ba ta daɗewa fa, 'yan mintoci ne ta wuce. Sai in ciro asuwaki in yi ta tauna, ko in sha ruwan sanyi, dama zafin Garwa a watan Afrilu ba ya barin mutum ya ƙi ruwa.

Wasu suna komawa goro, ni ban yarda da wannan ba, an sauya wata jaraba da wata ne kawai. Mai kantin unguwarmu kuma na roƙe shi, ko na zo da sefa a hannu ina magiya kar ya sayar min ko kara ɗaya.