Daga Gombe zuwa Yankari da Nikon D3500

Hanyar Gombe zuwa Alkaleri ba ta da wani labari, sai hazon hunturu da tirelolin da ke cinye rabin titi. A wani shinge kafin Dindima ne aka tsare mu. Wani mai kaki ya hango jakar kyamara a cinyata, ko sallama babu ya ce, "Kai, buɗe wannan!" Na ce, "To, yallaɓai." Ya zaro dogon gilashin yana jujjuya shi, har da dangwala babban yatsa a fuskarsa, sannan ya cillo mini shi ba marfi. Duk mai bin wannan hanya ya bar kyamara a jaka, gilashi a rufe, kada ya kuskura ya rataya ta a wuya kusa da shinge, balle ya ɗaga ta.

A Dindima ake barin titin Bauchi a yi kudu zuwa Mainamaji, ƙofar shiga dajin Yankari, daga nan kuma sai an ci fiye da kilomita 40 cikin daji kafin sansanin Wikki. Dajin ya haura murabba'in kilomita 2,200, tun 1956 aka keɓe shi, aka buɗe wa masu yawon buɗe ido a 1962. Mu uku muka haɗu a motar zagaye da kyamarori iri uku: ni da D3500, abokin tafiyata da Nikon D7500, sai wani ɗalibi da ya zo daga Jos da Canon 2000D. A shago duk ukun hoto mai kyau suke fitarwa. Bakin kogin Gaji ne ya raba su.

D3500 ta fito a 2018, megafiksel 24 gare ta, nauyinta da batir da memori giram 415 kacal. Mariƙinta na da zurfi, yatsu huɗu na zama daram, kuma an tattaro maɓallan baya zuwa dama ta yadda babban yatsa zai kai gare su. Wannan abin yabo ne, domin hannun hagu na ƙarƙashin gilashi ba ya motsi. Amma faifan juyawa ɗaya tak aka yi mata. In faifan sama, na zaɓar yanayin ɗauka, yana kan M, wato saitin hannu, faifan juyawar saurin ƙiftawa kawai yake canzawa. Kafin ka taɓa ƙofar haske sai ka danne maɓallin ƙari da ragi da ke bayan maɗauki sannan ka juya. Babban abin da ke ci mini rai shi ne ISO, wato saitin ƙarfin jin haske na kyamara. Ba shi da maɓalli ko ɗaya. D3400 da ta gabace ta tana da maɓallin Fn a gefe da ake ɗora wa ISO, a wannan an cire shi. Dole ka sauke kyamara daga ido, ka danna i, ka bi kibiya zuwa ISO, ka danna OK, ka zaɓa, ka sake danna OK. Gwanki ba ya jiran wannan. Muna shiga inuwar kurmin Gaji daga fili, haske ya faɗi lokaci guda, abokina ya danne maɓallin ISO da ɗan ali, ya murza faifan baya, idonsa bai bar tagar leƙe ba. D7500 tasa faifai biyu gare ta, gaba da baya, ga U1 da U2 a faifan sama, inda ya ajiye saitin dabba mai gudu a ɗaya, na shimfiɗar daji a ɗaya. Ƙarin kuɗin da ya biya a kan na tawa ba na kyawun hoto ba ne, na waɗannan maɓallan ne, kuma a ganina sun ci kuɗinsu.

Mai ƙaramar kyamara ma yana da mafita, amma tun a ɗaki ake shirya ta, kafin mota ta tashi. A menu na Nikon sassan a jere suke daga sama zuwa ƙasa a gefen hagu. Ka shiga mai hoton kyamara, ka nemi saitin ISO, ka kunna wanda ke sarrafa kansa, ka sa iyakarsa 3200. Sai ka mayar da faifan sama kan S, inda kai ke zaɓar saurin ƙiftawa, ka tsayar da ƙiftawa a 1/1000 in mota na tafiya, 1/500 in ta tsaya. Dalili kuwa, gilashin 70-300 a kan ƙaramar sansa irin ta DX (sansa ita ce farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara) yana ganin abin da 450 ke gani a kan babba, kuma yadda yake jawo dabba haka yake jawo rawar hannu. A ƙarshen zum ƙofarsa ba ta wuce f/6.3, don haka ISO ne zai biya bashin hasken. Fokas ka sa AF-C, mai bin abin da ke motsi, da ɗigo ɗaya, na tsakiya, domin cikin ɗigo 11 da take da su shi kaɗai ne mai kama layin tsaye da na kwance. In ka bar mata zaɓi, reshen da ke gaban giwa za ta kama, giwar ta fito dishi-dishi. A sashe mai hoton sifana ka kashe ƙarar da take yi in ta kama fokas, a mai hoton kyamara ka kashe ƙaramar fitilar gaba. Kada ka bar faifan sama a kan koren Auto, don filasha za ta ɗago da kanta a inuwa, ba ta kaiwa ko'ina, sai firgita dabba.

Akwai wani tarko kuma da gilasan Nikon masu rubutun AF-P DX a jikinsu. Ba su da makunnin hana rawa a jikinsu, ba su da na mayar da fokas hannu. Duk a menu suke. Shi kuwa 70-300 ɗin iri biyu ne, mai VR, wato hana rawa, da marar shi, kuma kamarsu ɗaya. Mai saye ya karanta rubutun jikin gilashin da idonsa. Gajeren 18-55 shi ma in yana naɗe, kyamara ba ta ɗauka sai ka danna ɗan maɓallinsa ka murza zuwa 18.

Mai rakiyarmu mutum ne mai haƙuri da sanin aiki. Kashin giwa ya gani a hanya, ya ce wa direba, "Malam, sassauta, ba su yi nisa ba." Da muka same su a gangaren ruwa na ce, "Don Allah, Malam, a kashe injin," ya kashe ba musu. Wannan ya fi kowane VR amfani, domin girgizar injin ta ƙarfen mota take bi ta shiga gwiwar hannu. Hazo kuma yana ruɗa ma'aunin haske: sama fari fat, giwa baƙa, sai kyamara ta rage haske giwar ta zama dunƙulen duhu. Ƙarin +0.7 ya gyara. Allon baya ba abin dogaro ba ne a wannan rana, ba ya lanƙwasawa, ba a taɓa shi, kuma komai duhu yake nunawa; jadawalin haske ake dubawa.

Ɗalibin nan ya ba ni tasa na riƙe, na ga inda Canon ta yi hankali. ISO na kan kibiyar sama a baya, dannawa ɗaya. Maɓallin Q na buɗe duk saitin a fuska ɗaya. Menu nata a kwance yake, an raba da launi, ja na ɗauka, shuɗi na kallo, rawaya na gyaran jiki, ga kore inda kake tara abubuwan da ka fi taɓawa, abin da D3500 ba ta da shi sai jerin waɗanda ka taɓa kwanan nan. Sai dai hoto 3 take yi a daƙiƙa inda tawa ke yin 5, ɗigon fokas 9, batirinta kuma kusan hoto 500 ne a ƙiyasin kamfani, nawa 1,550. Kafin la'asar nasa ya mutu, saboda da allo yake ɗauka kamar waya, madubi a ɗage. Wanda zai sauya daga wannan kamfani zuwa wancan ya sani gilashin Canon dama ake murza shi ya shiga, na Nikon hagu, kuma abin da Nikon ke kira S da A a faifan sama, na saurin ƙiftawa da na ƙofar haske, shi Canon ke kira Tv da Av.

Ruwan Wikki yana nan a digiri 31 rani da damina, garau har kana ganin yashin ƙasa. Da asuba tururi ke tashi a kansa, in ka matsa da gilashi mai sanyi sai ya yi raɓa. Kada a goge da riga, a bar shi ya sha iska. Na ga samari na ɗaukar masu wanka da waya ba izini, har da mata, abin ya ɓata mini rai. Mu a Gombe ko a taron biki sai ka nemi izinin uwar amarya kafin ka shiga cikin gida da kyamara. Birai kuwa sun fi kowa rashin kunya a sansanin, jaka a ƙasa tasu ce. Abinci da ruwan sha sun fi na gari tsada nesa ba kusa ba, gara mutum ya yi guzuri daga Alkaleri.

Ƙura ce ta kai ni Bauchi. D3500 ba ta da abin kakkaɓe sansa da kanta, kuma sauya gilashi a buɗaɗɗiyar mota cikin hunturu ya bar ɗigo-ɗigo a sararin kowane hoto. Wani dattijo mai shagon hoto a wajen Wunti ya karɓe ta. Na ce, "Baba, nawa zan kawo?" Ya ce, "Zauna tukuna, ɗana, ka ci masa." Ya ɗauki farar takarda a f/22 ya nuna mini dattin, ya tabbatar batir a cike yake, ya ɗage madubi daga menu, ya kifa bakin kyamarar ƙasa ya hura da robar iska. Ya ce kada a hura da baki, kada a sa auduga. Ko sisi bai karɓa ba, ya kuma raka ni wurin mai kaya inda muka ja ciniki kan batir EN-EL14a har ya sauko kusan rabi, bayan ya ajiye guda biyu gefe ya ce jabu ne, rubutunsu ya dushe kuma sun fi sauƙi a hannu. Masar Bauchi kam ta fi tamu laushi, gaskiya ce.

Kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta wani lungu mai duhu ake shiga a fito fili mai haske. ISO mai sarrafa kansa ya bi canjin ba tare da na taɓa komai ba. Fadar sarki daga waje muka ɗauka, bayan dogari ya ba da izini. Motar Gombe ta cika a tasha bayan azahar, kyamara na cikin leda a cikin jaka saboda ƙurar hanya.